A Buɗe Wa 'Yan Matanmu Na Legas Rassan Girl Guides A Makarantunmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da iyaye da malamai da shugabannin Hausawa mazauna Legas a kan wani al'amari da ya shafi tarbiyyar 'ya'yanmu mata. Ni malamar makaranta ce a Agege, da safe ina koyarwa a firamare, da yamma kuma a Islamiyya. Abin da nake so in faɗa shi ne, lokaci ya yi da za mu buɗe rassan ƙungiyar Girl Guides, takwarar 'yan sikawut ta ɓangaren mata, a cikin makarantunmu, mu kuma ɗora matanmu a kan jagorancinsu, domin yaranmu su koyi taimakon kansu da taimakon jama'a a garin da kullum yake buƙatar wannan ilimi.

Duk wanda ya san zaman Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 ko Obalende ya san yadda rayuwar yarinya take a cikinsu. Yawancin iyalai suna zaune ne a gidajen haya masu ɗakuna a jere, inda babu tsakar gida irin ta Kano ko Katsina, balle dandalin da 'yan mata suke haɗuwa su yi gaɗa da dare. Yarinya ta dawo daga boko ta wuce Islamiyya, ta dawo ta kama wanke-wanke da rainon ƙanne, abin da ya rage na lokacinta kuma wayar hannu ta cinye. Yayanta namiji yana da filin ƙwallo, yana da ƙungiyar 'yan agaji da za ta ba shi kaki ta koya masa fareti da tsaron sahu a ranar idi. Ita kuwa in aka ce za a koya mata wani abu a wajen ɗaki, sai a ce gari ya lalace. Gaskiya ne Legas ba wurin sakaci da yaro ba ne, amma abin da yake ba ni takaici shi ne, a cikin gidajen da suke faɗin haka akwai masu ɗora wa yarinya mai shekara 10 farantin talla su tura ta tashar mota ita kaɗai har bayan magariba. In har muna iya jure wannan fitar da babu mai sa ido a kanta, ban ga dalilin da zai sa mu ji tsoron fitar awa biyu a ranar Asabar a ƙarƙashin kulawar malamai mata ba.

Ƙungiyar ba baƙuwa ba ce a wannan gari. A ƙasar Ingila aka kafa ta a 1910, bayan da wasu 'yan mata suka bayyana a babban taron 'yan sikawut na Landan a 1909 suna neman a dama da su, sai Robert Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar sikawut, ya ɗora ƙanwarsa Agnes a kan shugabancin ɓangaren mata. Ta iso Najeriya a 1919, kuma a nan Legas ta fara kafuwa. Lady Oyinkan Abayomi, wadda har yau akwai titi mai sunanta a Ikoyi, tana cikin 'yan ƙasa na farko da suka riƙe ragamarta. Yanzu uwar ƙungiyar ta duniya, wadda aka kafa a 1928, tana da mambobi wajen miliyan 10 a ƙasashe fiye da 150, kuma ɗaya daga cikin yankunanta biyar na ƙasashen Larabawa ne.

Na kawo maganar Larabawa ne da gangan, domin abin da iyaye suke fara tambayata shi ne ko wannan ba ƙungiyar coci ba ce. Da yawa suna haɗa ta da Girls' Brigade, wadda ita lallai ta majami'u ce kuma ba ta ɓoye haka ba. Girl Guides dabam take. Alkawarin da yarinya take ɗauka ranar shigarta ya ƙunshi sauke haƙƙin Ubangijinta bisa addininta, da yi wa ƙasarta hidima, da taimakon mutane, kuma a Masar da Pakistan da Malesiya 'yan mata musulmi suna cikinta da hijabinsu. Babu mai musun cewa Baden-Powell hafsan sojan mulkin mallaka ne, amma haka ma asibiti da makarantar boko ta hannun Turawa suka zo mana, muka karɓa muka tace. Kuma ainihin aikin da ake koyarwa ya riga Turawa zuwa cikin tarihinmu. Malamanmu suna karantar da mu labarin Rufaida Al-Aslamiyya, wadda aka kafa wa tanti a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana jinyar waɗanda suka ji rauni, har Sa'adu ɗan Mu'azu aka kai wurinta bayan yaƙin Handaƙ. A ƙasarmu kuma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jajis, wato malamai mata masu jagorantarsu, ta ɗora musu malfa, suna tafiya ƙauyuka suna koyar da mata. Mace mai horo, mai alamar da aka san ta da ita, wadda take fita domin amfanin jama'a, abu ne da magabatanmu suka sani suka kuma girmama.

Ina so in tsaya a kan abin da ake koya wa yaran, domin nan ne amfanin yake, kuma nan ne mutane suka fi yi wa ƙungiyar gurguwar fahimta, suna zaton fareti ne da waƙe-waƙe kawai. Babban darasi shi ne taimakon gaggawa. A unguwanninmu, idan ruwan zafi ya ƙona yaro, abin da aka saba yi shi ne a shafa masa manja ko ɗanyen ƙwai ko man goge baki, alhali abin da likitoci suke cewa shi ne a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a wuce asibiti. Idan mai farfaɗiya ya faɗi, sai a ruga neman cokali a cusa masa a baki, wanda hakan yana iya karya masa haƙori ko ya toshe masa numfashi, alhali abin da ya dace shi ne a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a tallafi kansa, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi a gefensa. Yarinyar da ta sami horo ta san cewa idan mai ya kama da wuta a kasko ba a zuba masa ruwa, murfi ake kifawa a kashe murhu. Ta san cewa idan ta ji warin gas ba za ta ƙyasta ashana ko ta kunna fitila ba, tagogi za ta buɗe. Ta san cewa hayaƙin janareta da aka ajiye a zaure ko a bakin ƙofar ɗaki yana kashe iyali guda a cikin barcinsu ba tare da kowa ya farka ba. Lokacin da cutar amai da gudawa ta ɓarke a Legas a watan Yuni na 2024, wace yarinya ce a gidajenmu ta san yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, wato lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri? Su ne fa suke gida da ƙanne idan uwa ta tafi kasuwa uba ya tafi nema. Mun riga mun ɗora musu nauyin, ilimin ne muka hana su.

Sai kuma horon da ake yi a fili, wanda shi ne iyaye suka fi ɗari-ɗari da shi. Ana koya musu kafa tanti, da nau'o'in ɗaurin igiya, da hura wuta ba tare da kananzir ba, da tacewa da tafasa ruwan sha, da karanta taswira, da gane gabas da yamma ta hanyar rana ko kamfas, wanda daga nan yarinya za ta gane cewa alƙiblar mai salla a Legas gabas ce mai karkata zuwa arewa. Wani zai ce mene ne amfanin tanti ga yarinyar birni. To, a tambayi mutanen Agiliti da Owode da kewayen Mile 12, waɗanda ruwan kogin Ogun yake kora daga gidajensu idan damina ta yi nauyi aka kuma saki ruwan madatsar Oyan. A tuna kuma da ranar Lahadi 27 ga Janairu 2002, lokacin da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta fashe, mutane fiye da 1,000 suka rasu, da yawansu mata da yara da suka faɗa cikin magudanar ruwa ta Oke-Afa a cikin gudun firgici, wasu yaran kuma suka yi kwanaki ba a san inda suke ba. Ba na cewa horo yana hana ƙaddara, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma yarinyar da aka koya wa ta tsaya ta nutsu, ta riƙe hannun ƙaninta, ta haddace lambar wayar iyayenta da sunan titinsu, ta san ana kiran 112 ko 767 idan an shiga hatsari a Legas, ba ɗaya take da wadda ba ta taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Akwai wani abu a tsarin ƙungiyar da ni a matsayina na malama na fi daraja shi a kan sauran. Ana raba yaran rukuni-rukuni na mutum 6 zuwa 8, kowane rukuni da shugabarsa daga cikinsu, ita ce mai raba aiki, mai duba kaya, mai amsa tambaya idan wani abu ya ɓata. A ajin da yake da yara 60 babu yadda zan yi in ba kowace yarinya irin wannan dama. Da yawa daga cikin 'yan matanmu suna gama sakandare ba su taɓa tsayawa gaban mutum goma sun yi magana ba, kuma mu kan kira wannan kunya mu yaba, alhali wani lokacin tsoro ne kawai. Kunya ta gaskiya ba ta hana mace ta yi wa likita bayanin ciwon ɗanta dalla-dalla, ko ta tsaya wa haƙƙinta a ofis da ladabi.

Game da aikin sa kai, ina da gargaɗi ga duk wanda zai buɗe reshe. Kada a mayar da yaran mutane kayan ado da za a jera a rana suna jiran ɗan siyasa, kada kuma su zama 'yan aikin kyauta a bukukuwan manya. Aikin da ya dace da su yana nan birjik a unguwa: su taya mata sharar kasuwa ta safiyar Alhamis, su wayar da kan maƙwabta game da ledoji da robobin da suke toshe kwatoci har ruwa ya shiga ɗakuna, manyansu su zauna da ƙanana masu rauni a karatu, su rubuta wa tsofaffi ƙa'idar shan magani, su raka ma'aikatan rigakafi zuwa gidajen da aka rubuta ba a shiga, inda namiji ba zai taka ba.

Na san akwai damuwa ta gaskiya, kuma ba na raina ta. Batun sutura shi ne na farko, kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuni na 2022 cewa ɗalibai musulmi suna da 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas, ban ga abin da zai hana a zauna da shugabannin ƙungiyar a daidaita kaki mai tsawo da hijabi mai launin kakin ba. Batun kwana a waje kuwa, babu dole a fara da shi. A fara da zangon yini ɗaya a harabar makaranta, daga safe zuwa la'asar, a tsayar da komai idan lokacin salla ya yi, a kuma gayyaci iyaye mata su zo su gani da idonsu. Idan aka saba, sai a kai su wuri irin gandun dajin Lekki, wanda aka kafa a 1990, inda yarinyar da aka haifa a Agege za ta ga daji da birai da manyan itatuwa karon farko. Ya zama sharaɗi cewa babu fita sai da rubutaccen izinin uba ko waliyyi, kuma manyan mata biyu aƙalla su kasance tare da yaran a kowane lokaci.

Abin da ya fi wuya shi ne samun jagorori da kuɗi. Muna da 'yan mata da suka gama jami'a suna zaune a gida, muna da 'yan Arewa masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa Legas kowace shekara, muna da malaman jinya a asibitin koyarwa na Idi-Araba wanda yake maƙwabtaka da unguwar Hausawa, muna kuma da ƙungiyoyin mata irin FOMWAN, wato gamayyar ƙungiyoyin mata musulmi ta Najeriya, da suka daɗe suna gudanar da makarantu. Waɗannan su ya kamata a tura su karɓi horon jagoranci. Kuɗin kaki da na mota da akwatin magani ba zai gagari 'yan kasuwarmu na Mile 12 da mahautar Oko-Oba ba, idan sarakunan Hausawa da limamai suka yi musu magana.

Saboda haka ina roƙon Sarakunan Hausawa na unguwannin Legas da shugabannin makarantun Islamiyya da su naɗa kwamitin mata, ya je hedikwatar ƙungiyar da ke nan Legas ya ji sharuɗɗan rajistar reshe, ya dawo ya yi wa iyaye bayani da Hausa. Kowace shekara 'yan ƙungiyar a duk duniya suna bikin ranar tunawa da juna a 22 ga Fabrairu. Ina fata kafin wadda ke tafe a sami reshe ɗaya a Agege, ɗaya a Idi-Araba, kowanne da yara ko da 20 ne, kuma ni a shirye nake in ba da Asabar ɗina ga na Agege.

Wassalam.

Wata malamar makaranta,
Agege, Legas.