Ba kowace kasala ce gajiya ba, a riƙa auna potasiyom

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku da aiki, Allah ya ƙara basira. Don Allah ku ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini rai. Ni mai saida magani ne a farmasi nan cikin garin Tahoua, ba lokotoro ba ne, amma wanda ke tsaye bayan kanta tun safe har dare yana jin koken mutane iri-iri, kuma akwai koke ɗaya da ke yawan dawowa musamman in zafi ya kankama a Afrilu da Mayu, ko farkon damina lokacin da zawo ke yawa cikin gari da ƙauyuka. Mutum zai shigo ya ce a ba shi bitamin ko maganin ƙarfin jiki, wai ƙafafunshi sun mutu, in ya tsuguna sai ya dafa bango kafin ya miƙe, da dare kuma sha-raɓa ta ɗaure mishi har ya farka daga barci. In ka ɗan tsaya ka tambaye shi sai ka ji ashe ya yi kwanaki yana zawo, ko kuma ya yi wata da watanni yana shan ƙwayar tansiyo mai sa fitsari ba a taɓa ɗibar jininshi an duba ba. Irin wanga mutum ba bitamin yake buƙata ba, gwaji yake buƙata, don sau da yawa potasiyom ne ya yi ƙasa a jininshi, kuma wagga matsala tana iya tsaida zuciya.

Potasiyom wani nau'in gishiri ne da jiki ke samu daga abinci, daban yake da gishirin miya. Kusan kashi 98 cikin 100 nashi yana cikin ƙwayoyin halittar jiki ne, galibi cikin tsoka, ɗan kaɗan ne kawai ke yawo cikin jini, kuma ƙoda ce ke riƙe da ma'auninshi, in ya yi yawa ta fidda shi ta fitsari. Jijiyoyi da tsoka da ita kanta zuciya duk da wata 'yar wutar lantarki suke aiki, potasiyom kuwa na cikin abin da ke haɗa wutar. Duk mun san yadda fanka ke yi in kuran ya yi ƙasa, tana juyawa amma da ƙyar, to haka tsokar mutum ke zama. A takardar analiz za ku ga harafin K, gwajin kuma iyonogram ake ce mishi. Lafiyayyen mutum yana tsakanin 3.5 da 5.0, in ya sauka ƙasa da 3.5 ya yi ƙasa kenan, in ya kai ƙasa da 2.5 kuwa wannan maganar kwanciya asibiti ce, ba ta komawa gida ba.

Abin da ya sa ciwon ke yaudarar mutane shi ne in kaɗan ya sauka mutum ba ya jin komai, ko ya ji 'yar kasala da kowa ke ji da rana tsaka a Adar. Daga nan sai ciwon tsoka da ɗaurewar jijiya, nauyin ƙafa wanda yakan fara daga cinyoyi kafin ya hau hannuwa, ciki ya ƙi tafiya mutum ya yi kwanaki bai zaga ba ga kumburi, saboda ita ma hanji tsoka ce ke motsa ta. In abin ya daɗe ƙoda takan kasa riƙe ruwa sai yawan fitsari da ƙishirwa, har wani ya zaci ciwon suga ne ya kama shi. Mafi muni ita ce zuciya, mutum ya ji gabanshi na faɗuwa haka kawai, ko bugun ya riƙa tsallake, ko ya yi sauri ba dalili, jiri ya ɗebe shi, wani ya suma. Akwai wanda zai wayi gari ƙafafu sun shanye gaba ɗaya ba zazzaɓi ba ciwon kai, kuma in shanyewar ta kai tsokar numfashi to sai dai Allah ya kiyaye. A irin wanga hali ne ake cewa iska ce ta buge shi ko an yi mishi sammu, a yi ta hayaƙi da rubutu ana ɓata lokaci. Ni musulmi ne na yarda da addu'a, a yi ta, amma a yi ta a kan hanyar zuwa gidan likita, don wannan shanyewa ce da ke warkewa in an mayar wa jiki abin da ya rasa a kan lokaci.

Babbar ƙofar da potasiyom ke fita a ƙasarmu ita ce zawo da amai, kuma yara ne suka fi shan wahala. Iyaye mata sun san abin da nake nufi, yaro ya yi zawo kwana biyu uku, zawon ya tsaya a yi hamdala, sai kuma a ga cikinshi ya kumbura tim, wuya ya saki ba ya iya riƙe kai, ko nono ba ya iya ja da ƙarfi. Yaron da dama ke da tamowa ya fi shiga haɗari don jikinshi tun farko ba shi da ajiyar potasiyom, shi ya sa a cibiyoyin kula da masu tamowa ake da nasu ruwan haɗi da madara na musamman, ba a ba su irin na kowa. Ga sauran yara da manya kuwa maganin yana nan cikin sashen SRO, wato ɗan ƙullin garin maganin zawo da ake kaɗawa a ruwa, wanda ake samu a kowane ƙaramin gidan likita (CSI) da farmasi da ɗan kuɗi kaɗan. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi na lita guda yana ɗauke da giram 1.5 na gishirin potasiyom, ban da gishiri da suga. To ga inda nake son a lura, ruwan gishiri da suga da ake haɗawa a gida, ƙaramin cokali 6 na suga da rabin cokali na gishiri a lita guda, yana taimako ƙwarai in ba a samu sashe ba, yana hana bushewar jiki, amma babu potasiyom cikinshi ko kaɗan. Saboda haka a yi shi a matsayin agajin farko kafin a samo sashe, a ci gaba da ba yaro nono da abinci, a haɗa da ƙwayar zink kwana 10 zuwa 14. Mun ga kwalara a jiharmu a 2021, mun san yadda take zuƙe mutum cikin awoyi, ba ruwa kaɗai take tafiya da shi ba.

Ƙofa ta biyu ita ce ta fi ba ni tsoro don da hannunmu muke buɗe ta. Ƙwayoyin da ke sa fitsari irin su furosemide, wanda aka fi sani da Lasilix, da hydrochlorothiazide da ke cikin magungunan tansiyo da yawa, magunguna ne masu kyau sun ceci rayuka, amma duk fitsarin da suke jawowa yana tafiya da potasiyom. Lokotoro in ya rubuta su ya san zai nemi analiz lokaci-lokaci ko ya haɗa da wani magani da zai riƙe shi. Mu kuwa me muke yi? Tsoho ya karɓi ordonas sau ɗaya sai ya riƙe ta shekara da shekaru yana sabuntawa bai koma an duba shi ba. Wata ƙafarta ta kumbura maƙwabciya ta ce ai ga ƙwayar da na sha ta saɓe, a aiki yaro wajen masu yawo da magani a tire cikin rana. Har da 'yan mata masu sha wai don su rage ƙiba, alhali ruwa ne kawai ke fita, kitse na nan inda yake. Sai a haɗa da zafin Mayu da ke wuce digiri 40, mutum na gumi ba ya cin abincin kirki, in kuma ɗan zawo ya zo ya tarar da shi a haka shi kenan an gama. Wanda ke shan digoxine na ciwon zuciya ya fi kowa shiga haɗari, don in potasiyom ya sauka maganin da kanshi yana iya zame mishi guba.

Sai maganar wankin ciki. Akwai masu jiƙa filasko duk sati wai suna fidda dattin ciki, wasu kuma haɗin masu maganin gargajiya ne da ba a san me ke ciki ba, kuma ana auna ƙarfin magani da yawan zagayen da ya sa ka. Zawo dai zawo ne ko kai ka sayo shi da kuɗinka. Abin tausayin shi ne ƙarancin potasiyom ɗin na ƙara kashe hanji, ciki ya sake ɗaurewa, mutum ya sake shan filasko, haka za a yi ta yi. Masu ciki da ke yawan cin farar ƙasa su ma su kula, tana iya kama potasiyom cikin hanji ta hana jiki amfana da shi, haka mai laulayi da ke amai ba ƙaƙƙautawa kar a ce ai ciki ne ya gada, a kai ta a duba.

Wasu in ka yi musu wanga bayani sai su ce ai in haka ne kanwa ta wadatar, a dama kunun kanwa a sha. Don Allah a'a. Kanwa ko ta Manga ce ko ta Dallol, mafi yawan abin da ke cikinta sodiyom ne, ɗan'uwan gishirin miya, wanda ke ƙara hawan jini da tara ruwa a jiki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego mai zafi da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Mai tansiyo da ya koma wa kanwa don neman potasiyom ya ƙara wa kanshi ciwo ne.

Abincin da ke da shi kuwa Allah ya hore mana, ba sai an je nesa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla miligiram 3510 a rana, gishiri kuma kar ya kai giram 5. A intanet kowa ayaba yake ambato, to ayaba guda wajen miligiram 400 ce, kuma nan Tahoua daga nesa ake kawo ta ba kowa ke iya sayenta kullum ba. Mu muna da wake, in ka cire Najeriya babu ƙasar da ta kai Nijar noma shi, kuma giram 100 na busasshen wake ya haura miligiram 1000. Shinkafa da wake, ƙosai, beruwar mutanen Dogonduci, duk hanya ce. Ga dabino na Agadas, ga gujiya da ƙuli-ƙuli, ga ƙwalba da nono ta garin 'ya'yan kuka, dambun zogale, alayyahu, kabewa, dankali da dankalin turawa, busasshen tumatir da muke dakawa a miya, mangwaro da kankana a lokacinsu, kifin Tabalak ga wanda ya samu. Sai dai potasiyom yana narkewa cikin ruwa, in aka tafasa ganye ko dankali aka tsiyaye ruwan aka zubar to an zubar da kaso mai yawa, gara a turara ko a dafa da ruwa kaɗan ya tsotse ciki. Abin da ke damuna shi ne yadda girkinmu na birni ya koma farar shinkafa da taliya da mai da dunƙulen magi uku huɗu a tukunya ɗaya, sodiyom ya yi yawa potasiyom ya yi kaɗan, kuma wanga haɗi ne ke ingiza tansiyo sama.

Dole in faɗi ɗaya ɓangaren don kar wani ya karanta rabin wasiƙa ya rugo farmasi. Yawan potasiyom ma yana tsaida zuciya, kuma alamominshi na kama da na ƙarancin, kasala da rikicewar bugu, ba mai iya bambance su da ido sai an ɗibi jini. Mai ciwon ƙoda ba ya iya fidda shi, shi kam ko dabino da ayaba sai da shawarar likitanshi. Masu shan captopril ko enalapril ko losartan ko spironolactone su ma magungunansu na riƙe shi a jiki. Saboda haka ƙwayar potasiyom irin su Diffu-K ba abin saye ba ne don kawai ka ji kasala, ni dai ba na bada ta sai da ordonas ko mutum zai ji haushina. Na allura kuwa a asibiti kaɗai ake sa shi, cikin ƙarin ruwa a hankali ana lura da mutum, ba a taɓa tura shi kai tsaye cikin jijiya, don haka masu zuwa gida-gida suna ɗaura wa mutane ruwa su ji tsoron Allah.

Roƙona ga ma'aikatan lafiya, in kun rubuta wa mutum ƙwayar fitsari ku gaya mishi da Hausa ko Zabarmanci ko Tamajak, harshen da yake ji dai, cewa zai dawo a auna jini, ku faɗa mishi in zawo ko amai ya kama shi yana kan maganin ya zo da wuri kar ya jira. Hukumomi kuma su taimaka a samu na'urar iyonogram kusa da jama'a da farashi mai sauƙi, don mutumin ƙauye in ya lissafa kuɗin mota zuwa gari da kuɗin analiz sai ya haƙura ya sayi bitamin. Ku kuma 'yan jarida don Allah ku nemi likitan ƙoda ko na zuciya a Yamai ku yi hira da shi kan wagga magana kafin damina ta sauka, gidajen rediyonmu na Tahoua da Ƙonni da Madawa su ɗauka su watsa, don waɗanda abin ya fi shafa yawancinsu ba jarida suke karantawa ba.

Na gode, Allah ya ba mu lafiya.

Naku,
Wani mai karanta ku daga Tahoua