A karɓi zanen yadda aka gina kafin a sallami ɗan kwangila

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka in ja hankalin masu gini kan wata takarda da akan manta da ita ranar karɓar mukulli, wato zanen da ke nuna gini yadda ya tashi a ƙasa.

Zanen da ake bayarwa kafin a fara aiki niyya ce kawai. Da an shiga fili, abubuwa kan sauya. A haƙa fandisho a tarar da ƙasa mai laushi, sai a ƙara zurfi. Bututun ruwa ya ci karo da bim, wato kankaren da ke kwance yana ɗauke da nauyin gini, sai mai aikin famfo ya kewaye. A rasa rodi mai milimita 16, injiniya ya amince a sa mai 12, amma inda aka tsara guda 4 sai an jera 8 kafin kaurin ƙarfen ya kai. Da zarar an zuba kankare an yi filasta, ido ya rabu da waɗannan ke nan.

Yadda ake yi ba wuya. A ajiye kwafi ɗaya na zanen a wurin aiki, duk canjin da aka yi a zana shi da jan biro a ranar, da kwanan wata da sa hannun wanda ya amince. Abin da za a binne, a auna shi kafin a mayar da ƙasa, daga wurare biyu da ba sa motsi, kamar kusurwoyin gini. Kada a auna daga bishiya ko tarin bulo, gobe babu su. A rubuta zurfin bututu, faɗinsa da gangarensa, misali 1 cikin 40, wato saukar mita 1 a kowane tsawon mita 40, da inda sokawe da ramukan dubawa suke. A ɓangaren wuta, a nuna hanyar da waya ta bi cikin bango da lambar kowane layi a akwatin rarraba wuta. A ɗauki hoto da tef a miƙe a jikin aikin. Hoton da babu awo a ciki ba ya cewa komai. In aiki ya ƙare, a mayar da jan rubutun zane mai tsabta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bari sai ƙarshe, a zauna ana tuno abin da aka rufe wata 8 baya. Wasu ma tsohon zanen suke buga wa hatimi su miƙa. Wannan ya fi rashin zanen haɗari, domin wanda ya zo gyara zai yarda da shi, ya huda bango ya faɗa kan waya mai wuta, ko ya fasa bangon da ke ɗauke da nauyi. Mai son ƙara bene kuwa, in babu zanen nan na gaskiya, sai an tone fandisho an ɓare ginshiƙi kafin injiniya ya san abin da ke ciki.

Shawarata, a rubuta zanen nan cikin yarjejeniya tun farko, injiniyan da ke duba aiki ya riƙa kwatanta shi da ginin kowane wata, kuma kada a saki ragowar kuɗin ɗan kwangila sai ya miƙa shi a takarda da kuma na kwamfuta. In an sayar da ginin, zanen ya bi takardun.

Naka,
Wani injiniyan gine-gine