Darɓa da Kiyashi Sun Haɗe Kai a Lambuna, Ina Neman Shawara

Assalamu alaikum Malam. Da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya haƙuri da mu masu sauraro. Allah ya ƙara basira.

Malam, ina da ɗan lambu a bayan ɗaki, tsawonsa bai wuce taku 10 ba. Kabeji ne a ciki da barkono da wake da 'yan gindin tumatir. Shekara uku ke nan ina nomansa lafiya lau, sai bana na gamu da abin da ya hana ni sakat. Wajen mako shida da suka wuce na lura sabon tohon barkonon yana nannaɗewa kamar wanda wuta ta lasa. Da na juya bayan ganyen sai ga darɓa, ƙananan ƙwarin nan da wasu ke kira kwarkwatar ganye, sun yi cincirindo babu masaka tsinke. Na jikin barkono koraye ne, na wake baƙaƙe, na kabeji kuwa ruwan toka, sai ka ce an barbaɗa musu gari. Ganyen ƙasa duk ya yi danƙo, bayan 'yan kwanaki kuma wani baƙin abu mai kama da kunkunniya ya lulluɓe shi.

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne kiyashi. Da farko da na ga suna hawa suna sauka, na ɗauka cin ƙwarin suke yi, har na ji daɗi. Sai da na zauna wata safiya na zuba musu ido sosai. Wallahi Malam, kiwo suke yi. Kiyashi zai zo ya shafa bayan ƙwaron da 'yan ƙahonninsa, sai wani ɗigon ruwa ya fito, ya shanye, ya matsa kan na gaba, tamkar mai tatsar shanu. Ƙanena da ya karanta aikin gona ya yi mini bayani. Ya ce darɓa na soka bakinta mai kamar allura ta tsotsi ruwan jikin shuka, ta fitar da ragowar zaƙin, kuma zaƙin nan ne abincin kiyashi, shi ne danƙon da nake gani, a kansa ne baƙin nan yake tsirowa. Saboda haka kiyashi ke gadinsu, suna korar duk ƙwaron da ya zo cin su, har ɗaukar su suke yi su kai kan wata shukar. Ya ƙara da cewa macen darɓa ba ta jiran namiji, 'ya'ya take haifa da ransu, kuma cikin mako guda ko kwana 10 su ma sun fara haihuwa. In wuri ya cushe sai masu fiffike su fito su bazu. Nan na gane dalilin da in na share su yau, bayan kwana huɗu sai in tarar kamar ban yi komai ba.

Akwai wani kuskure da na tafka wanda har yanzu yake mini ciwo. Na ga wasu baƙaƙen tsutsotsi masu ɗigon ruwan lemo, siffarsu kamar ɗan mitsitsin kada, suna yawo cikin darɓar. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na mitsittsike. Ashe 'ya'yan jan ƙwaron nan ne mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya, kuma darɓa ce abincinsu. Masu taya ni yaƙi na kashe da hannuna. Tun ranar nake tsoron fesa duk abin da ba na da tabbacin wa zai kashe.

Maganin ƙwari na kanti kuwa ba na son kawo shi nan. Yara na shiga su tsinki tumatir su kai baki, kajina na kiwo a gefe, ƙudan zuma na zuwa kan furen wake, ga shi kusan kullum sai na cire wani abu daga lambun.

Na fara da ruwa zalla, ina watsa shi da ƙarfi a bayan ganye. Yana kakkaɓe su, wannan gaskiya ne, amma kiyashi na nan, ba a jimawa sai a koma gidan jiya. Daga nan na kaɗa garin sabulun wanki na fesa da tsakar rana. Ƙwarin sun mutu, ganyen barkonon ma ya ƙone, gindi uku ba su farfaɗo ba. Da na koma sabulun ruwa marar ƙamshi, ƙaramin cokali 2 a lita 1, ina fesawa da yamma, sai na ga sauƙi. Sai dai wanda ruwan ya jiƙa kaɗai yake kashewa, in ya bushe aikinsa ya ƙare, waɗanda suka ɓuya cikin naɗaɗɗen ganye da tsakiyar kabeji kuwa ko gezau. Malam, wannan ma'aunin ya yi daidai? Duk bayan kwana nawa zan maimaita ba tare da na wahalar da shukar ba, kuma wajibi ne in ɗauraye ganyen da safe?

Na jiƙa ganyen darbejiya ma kwana biyu na tace na fesa, ban ga wani canji na a zo a gani ba. Ƙanen nawa ya ce ƙarfin maganin ya fi yawa a ƙwallon, a daka shi a jiƙa ya kwana, kuma rana na kashe ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki. Ina so ku faɗa mini yawan da zan daka a kowace lita, da ko zan iya haɗa shi da sabulun a feshi ɗaya. Ruwan tafarnuwa da barkono kuwa na yi sau ɗaya kawai.

Kiyashin ne dai suka fi ƙarfina. Na zagaye gindin shukar da toka, suka tsaya yini guda, ina ban ruwa toka ta jiƙe suka tsallake abinsu. Kuma ina jin tsoron yawan tokar ya ɓata mini ƙasa. Raminsu na nan dab da saiwar barkono, don haka shawarar da wata maƙwabciyata ta ba ni ta zuba tafasasshen ruwa ban ɗauka ba, kada in dafa saiwar. Wani ya ce in kwaɓa sukari da garin boras, wani farin sinadari mai kashe kiyashi, in ajiye musu su kai gida, amma abu mai zaƙi a inda yara da kaji ke wucewa, hankalina bai kwanta ba. Wani kuma ya ce ruwan taba. Wannan kam na ƙi, domin guba ce ga mutum, kuma taba na iya ɗauko cutar da ke kama tumatir da barkono.

To Malam, ta ina zan fara? A ganina muddin kiyashi na gadi, feshin darɓa ɗiban ruwa ne da kwando. Amma kuma in darɓar ta ƙare, zaƙin da ke jawo su ya ƙare ke nan, wataƙila su watse da kansu. Wanne ya kamata in sa a gaba, kuma da me zan tare musu hanyar hawa a shuka mai laushin kara irin barkono da wake?

Sai maganar taki. Bana na zuba kashin kaji da yawa, na ƙara da yuriya, ganyen ya yi kore shar ya yi taushi, kuma a kan wannan tohon ne ƙwarin suka fi taruwa. In ni na jawo su da yawan taki, ku faɗa mini in rage.

Akwai kuma gindin barkono biyu da ganyensu ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya, sun tsumbure ko da yake na raba su da ƙwarin. Tunda darɓa na ɗaukar cuta a bakinta daga wannan shuka zuwa waccan, in tuge su in ƙone, ko in ƙara musu lokaci? Sun fara fure, shi ya sa hannuna ya kasa.

Ina sauraron amsarku a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Wassalam,
Daga wata mai sauraronku a kullum.