Godiya ga masu ɗakin ɗaukar hoto na Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Malam mai ɗakin ɗaukar hoto da ke kusa da Ƙofar Marusa, da dukkan ma'aikatansa.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in yi muku godiya a bainar jama'a, domin wadda na yi ta waya ba ta gamsar da ni ba. Ni ce kakar jaririn da kuka ɗauki hotonsa a Rafin Daɗi. 'Yata ce ta zo wankan gida, haihuwar fari, mijinta kuma ya nace sai an yi wa yaro hoto mai kyau bayan suna.

Abu na farko da ya kwantar mini da hankali shi ne da kuka ce mace za ku turo. Kowa ya san ɗakin mai jego ba wurin shigar baƙon namiji ba ne. Da yawa a garin nan sai dai a naɗe jariri a shawul a miƙa shi zaure, a ɗauke shi cikin gaggawa yana tsala kuka, uwar ko a hoton babu ita. Yarinyar da kuka turo ta yi sallama, ta gaishe ni har ƙasa, ta yi wa mai jego barka da arziki, sannan ta nemi ruwa da sabulu ta wanke hannu tun kafin ta buɗe jakarta. Tun daga nan na san an koya mata aiki.

Da hantsi ta zo, kuma ita ta zaɓi lokacin. Ta ce a fara shayar da shi ya ƙoshi, ya yi gyatsa, sai barci ya ɗauke shi. Jariri sabon haihuwa yakan yi barcin awa 14 zuwa 17 a kwana ɗaya, don haka ba sai an yi dambe da shi ba, jira kawai ake yi. Ta zauna muna hira, ta sha kunun kanwa, ba ta taɓa duba agogo ba.

Yadda ta yi da haske ne ya fi burge ni. Na tashi zan kunna ƙwan lantarki, sai ta ce, "Mama, a bar shi a kashe." Wai hasken ƙwai ja-ja ne, na taga kuma fari, in sun haɗu sai launin fatar yaro ya rikice. Ta jawo katifa ƙasa kusa da taga, ta saki farin labule mara kauri don rana kada ta doke shi kai tsaye, ta kwantar da shi yadda hasken zai zo ta gefen kansa ya gangaro fuska. Ni kuma aka ba ni farin mayafi na riƙe ta ɗaya ɓangaren, yana mayar da haske wajen da inuwa ta yi yawa. Filashi ko sau ɗaya ba ta kunna ba, ta ce yana firgita yaro, yana kuma sa goshi ƙyalli. Kaskon turaren wuta ma sai da ta roƙa a fitar da shi tsakar gida, saboda hayaƙin na dusashe hoto, kuma bai dace da ƙirjin jariri ba. Mu da muka saba turare ɗakin jego safe da yamma, wannan ta ɗan yi mana nauyi, amma gaskiya ta faɗa.

Atamfofi da lesuka na kayan barka na nan jibge, ƙannen mai jego kowa na son a shimfiɗa wanda ta fi so. Ita kuwa zani mara ado ta ɗauka, ta ce zanen atamfa zai janye ido daga fuskar yaro.

Akwai hoton da uban ya gani a Instagram, jariri ya tallafe haɓa da hannayensa, ya turo a yi irinsa. Ta ƙi, cikin ladabi. Ta bayyana cewa irin wannan hotuna biyu ne ake haɗawa a kwamfuta, a goge hannun babban da ke riƙe da kan, domin wuyan jariri ba ya ɗaukar kansa sai wajen wata 4. Wani da kuɗi ne kawai a gabansa da ya gwada. A maimakon haka ta durƙusa daidai da fuskarsa, ta ɗauki ido, da 'yan yatsunsa a kan ɗan yatsan uwarsa, da tafin ƙafa, da kan da wanzami ya aske. Da yake lokacin hunturu ne, ba ta yarda an tuɓe shi ba.

Kafin ta tafi ta karɓi wayar 'yata ta koya mata: a goge gilashin kyamara, a taɓa daidai idon yaro a kan allo kafin a danna, a matso kusa maimakon jawo hoto da yatsu, a ɗauka da yawa a zaɓa. Ta ce a sa ido wajen arba'in, don daga mako 6 zuwa 8 yaro ke fara yi wa mutum murmushi da gaske.

Sai maganar amana. Kun tambaye mu ko za ku iya sa hoton a shafinku na Facebook, muka ce a'a, ba ku sake tayar da zancen ba. Kun turo hotunan ta WhatsApp a matsayin fayil don kada ingancinsu ya ragu, waɗanda kuka wanke kuma suka iso ranar da kuka yi alkawari.

Roƙona, Malam, ka ƙara ɗaukar mata ka koya musu sana'ar nan, gidaje da yawa a Katsina na bukatarsu. Ka isar da gaisuwata ga yarinyar, Allah ya yi mata albarka, ya ƙara wa kasuwarku buɗi.

Wassalam,
Kakar jariri,
Rafin Daɗi, Katsina.