Wasiƙar godiya ga masu borin bulok na Ƙofar Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba mai shagon borin bulok, wato faɗaɗa ramin da fistin ke kaiwa da komowa a cikin inji, da ke kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, tare da yaran shagonsa baki ɗaya. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya aiki, ya kasuwa? Allah ya dafa mana.

Baba, na yi muku godiya a baki ranar da na karɓi kayana, amma raina bai kwanta ba. Godiyar cikin shago a shago take tsayawa, ni kuwa so nake masu babura su ji abin da idona ya gani a wurinku. Na jinkirta rubutun ne da gangan, don kada in yabi aiki tun bai sha hanya ba. Yau wata bakwai ke nan, damina guda ta wuce a kansa.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Bichi. Babur ɗin da nake hawa tsohuwar Honda CG 125 ce, ta mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama. A kanta yake kai ni makaranta ina yaro, yanzu kuma a kanta nake zuwa koyarwa, in ɗauko taki, in kai Inna asibiti in ƙafarta ta tashi. Mutanen birni, tun da aka hana acaɓa a cikin Kano a 2013, wasunsu gani suke zamanin babur ya wuce. Mu a ƙauye shi ne motar kasuwa, shi ne motar asibiti da tsakar dare.

A ƙarshen hunturun bara ta fara shan baƙin mai. In na zuba a farkon mako, kafin Juma'a ya yi ƙasa. Sai shuɗin hayaƙi ya biyo baya, har wanda ke bayana a hanya sai ya kauce. Kiki ya yi laushi, ƙafa na taka shi ya tafi ƙasa ba wata turjiya. Fulogi kuma in an kwance, baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Ɗan tudun da ke gaban makarantarmu, wanda da nake haye shi da giya uku, sai da na koma giya ɗaya.

Makaniken da ya buɗe injin ya ce bulok ya mutu, in jefar da shi in sayi sabo. Na shiga kasuwa na taya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, naira kuma ta faɗi, kowa ya san yadda kayan gyara suka koma. Bulok mai kyau ya fi ƙarfin albashina, mai arahar kuwa da na ɗauka a hannu, ko ni da ba makanike ba na ga bambancin zubinsa da na asali. Wani wurin da na kai aka ce za a yi mini borin, amma kai tsaye zuwa saiz na ƙarshe, wai shi ne fistin da ke hannu. Ko kallon cikin bulok ɗin ba a yi ba. Wani ɗan'uwa mai sayar da albasa a kasuwar Badume ne ya kwatanta mini shagonku, ya ce ba shi da allon suna, in tambayi dattijon nan mai awo.

Abin da ya fara shiga raina shi ne ba ku yi maganar kuɗi ba sai da kuka duba. Kuka sa yaro ya wanke bulok ɗin da fetur, kuka fito da shi bakin ƙofa kuka ɗaga wa rana. Sannan kuka kama yatsana kuka ce, "Malam, sa farcenka nan, ka ja." Na ja, na ji farcen yana sarƙewa a wasu zane-zane da suka miƙe daga sama har ƙasa. Kuka ce zanen da farce ke wucewa a kansa sumul, gogewa kawai yake so. Wanda ya riƙe farce kuwa ya ci ƙarfe, sai an faɗaɗa ramin.

Daga nan aka shiga awo, kuma a nan na daɗe ina kallo. Kuka zura ma'aunin nan mai fuskar agogo a cikin ramin, sama da tsakiya da ƙasa, kowane wuri ta fuska biyu. Kuka nuna mini cewa ramin da aka ƙera da faɗin milimita 56.5 ya fi cinyewa daga sama, inda ringi ke juyowa, ya kuma daina zama da'ira sosai. Kuka ce fistin masu ƙarin girma hawa huɗu ne, 0.25 da 0.50 da 0.75 da 1.00. Abin da ban taɓa tunani ba shi ne, in an ƙara 0.25 a faɗi, rabin wannan kawai aka cire daga kowane gefe, saboda haka zane mai zurfi zai tsira. Nawa sai 0.50. "A nan za mu tsaya," kuka ce. "Saura hawa biyu mu bar wa ɗanka." Bayan su ma, in ji ku, akwai sauran dabara, a huda bulok a dasa masa sabon silibi, wato bututun ƙarfen da ke cikin ramin, ya koma girmansa na farko. Da na bi shawarar wancan wurin, da an cinye wa bulok ɗin sauran hawa biyun nan a rana ɗaya.

Kuka ƙi taɓa inji sai da na je na sayo fistin tukuna. Na ɗan ji haushi a raina, don rana ta yi, ga yunwa. Sai da na dawo na gane dalili. Kuka auna fistin ɗin da maikiromita, wato ma'aunin kauri, a ƙasan siket ɗinsa, can wajen gindinsa, kuka ce ba a yarda da lambar da ke jikin kwali, ramin ake yi wa fistin daidai jikinsa. Tazarar da ake bari tsakaninsu ba ta kai kaurin gashin kai ba. In ta yi kaɗan, inji na yin zafi fistin zai kumbura ya cije. In ta yi yawa, zai riƙa ƙwanƙwasa, ya koma shan mai tun yana sabo.

Muna cikin haka aka ɗauke wuta. Yaronku ya nufi janareto, kuka tsayar da shi, kuka ce wutar janareton tana tangal-tangal, kuma ƙarfen yanka in ya tsaya a tsakiyar rami tabo yake bari. Muka zauna fiye da awa biyu, kuka sa aka kawo mini shayi da burodi. Allah ya saka da alheri.

A wannan zaman ne wani saurayi ya shigo da bulok na wani babban babur ɗan ƙasar waje, cikinsa na ƙyalli, da zane guda mai zurfi. Kuɗi a hannunsa, yana sauri. Kuka ɗauko ɗan maganaɗisu kuka kara a cikin ramin, bai kama da ƙarfi ba. Kuka kara a nawa, ya manne ƙam. Kuka gaya masa nasa ba shi da silibin ƙarfe, alminiyam ne aka yi wa shafe mai tauri wanda bai fi kaurin takarda ba, in aka sa masa ƙarfen borin shafen zai tafi, ringi ya cinye alminiyam ɗin nan da nan. Gyaransa, kuka ce, sai wurin masu cire tsohon shafe, su cike zanen da walda, su sake wani shafen, su goge da dutsen lu'ulu'u, kuma ku ba ku da wannan kayan aiki. Kuka ce ana iya dasa masa silibi, amma ya sani ƙirar injin an canza ta ke nan, ya je ya yi shawara. Daga baya na karanta cewa shafen nan Nikasil ake kiransa, haɗin nikel ne da silikon kabaid, kamfanin Mahle na Jamus ya fito da shi a 1967. Saurayin ya tafi da kayansa da kuɗinsa. Ni dai tun daga wannan lokacin hankalina ya kwanta da nawa aikin, don na ga mutumin da ya san iyakar abin da ya iya kuma bai ji kunyar faɗa ba.

Da wuta ta dawo, yankan a hankali kuka yi shi, kaɗan-kaɗan, ku tsaya ƙarfe ya huce sannan ku sake awo. Ɗan abin da ya rage kuka ƙarasa da duwatsun gogewa, wato honin, har cikin ramin ya fito da siraran layuka masu gilma juna kamar saƙar tabarma. Na ɗauka santsi kamar madubi shi ne kyau. Kuka ce layukan nan su ke riƙe mai, su ne kuma ke sa sabon ringi ya zauna. Kuka zura ringi ɗaya-ɗaya cikin ramin kuka auna ratar bakinsa da siraran ƙarafan awo, ɗaya ya matse, kuka ɗan rage shi da zarto. Sannan yaro ya wanke bulok ɗin da ruwan ɗumi da sabulu, yana shafa farin ƙyalle har sai da ƙyallen ya fito fari tas.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, a ƙarshe ya zo. Na riga na biya, na ɗaure kaya, sai kuka ce, "Malam, ina iya kilinarka?" Matatar iskar inji ke nan, ba ta cikin aikinku, ba kuma sisin da za ku samu a kai. Kuka ce irin wannan zane aikin ƙura ne, in ban toshe hanyarta ba, kafin hunturu na gaba zan dawo. Da na koma gida na buɗe, sai ga soson ya ruɓe yana marmashewa, robar da ta haɗa shi da kafireta kuma ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Ashe duk hunturun nan ƙurar hanya injin ke shaƙa kai tsaye. Laifina ne, na yi sakaci da abin da mahaifina bai taɓa sakaci da shi ba, don na tuna shi yana wanke soson nan yana ɗiga masa mai.

Na bi duk abin da kuka ce. Alamar IN da ke kan fistin ta kalli ɓangaren kafireta, bakunan ringi ba a jera su layi ɗaya ba. Kilomita 500 na farko ban ɗauki kaya mai nauyi ba, ban murɗa totur ya ƙure ba, na kuma juye mai da wuri. Yanzu kiki sai na taka da ƙarfi, salansa ba hayaƙi, mai yana nan inda na bar shi daga juye zuwa juye. Makon jiya na kai Inna asibitin Bichi tun da asuba, taka ɗaya babur ya tashi.

Yaran shago, ban manta da ku ba, musamman ƙaramin da ya yi ta wanki bai ko ɓata fuska ba. Ku riƙe Baba da kyau, ku koyi awon nan kafin komai.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, Baba, ya ƙara lafiya da hasken ido, ya sa ku gama da duniya lafiya. In an yi girbi zan leƙo da ɗan abin da gona ta bayar, kuma maƙwabcina mai Jincheng zai biyo ni da nasa bulok ɗin.

Wassalam.

Naku,
Malamin makaranta daga ƙasar Bichi