Wasiƙa daga Gadarif kan lissafin yaronka

Assalamu alaikum aminina,

Ya gida ya iyali, ya kasuwa? Mu nan Gadarif ta ƙasar Sudan alhamdulillahi, an shiga yankan riɗi, gari kuma cike yake da baƙi tun da yaƙin nan ya ɓarke a 2023, Allah dai ya kawo mana ƙarshensa.

Na ga saƙonka kan yadda ake lissafin yawan abin da ke jikin silinda mai rami, wato siffa irin ta bututu, lissafin da ya hana babban yaronka sakat. Wlh abin ba wuya, malamai ne ke jibga wa yara fomula ba tare da sun taɓa abin da hannu ba. Kai shi wajen masu buga zoben rijiya na kankare, ka ba shi tef ya auna da kansa. A ce faɗin zoben daga waje santimita 120 ne, na ciki 100, tsayi 70, to sai ya raba kowane faɗi biyu tukuna, ya samu 60 da 50, don da rabin ake aiki kuma nan yara da yawa ke zamewa. 60 sau 60 ya ba da 3600, 50 sau 50 ya ba da 2500, a cire saura 1100, a ninka da 22 bisa 7, wato pi na lissafin da'ira, sannan da tsayin nan 70, zai ga santimita kubik 242,000, a raba da 1000, wato lita 242 na kankare zalla, kusan kilo 580 kenan, shi yasa mutum biyu ba sa iya ɗaga shi sai dai mirginawa.

Inda nake so ka sa masa ido, kar ya cire 50 daga 60 ya ninka 10 sau 10, zai samu lita 22 kacal, ai ko mai kwaɓa siminti zai yi masa dariya. In yana son gajeriyar hanya ya haɗa 60 da 50 su ba da 110, ya ninka da kaurin nan 10, 1100 ɗin ce dai.

Ruwan da ramin zai ci kuwa da 2500 kaɗai ake yi, a ninka da 22 bisa 7 da 70 kamar ɗazu, lita 550. In an tambayi faɗin jiki duka ya tuna fuska huɗu ce, ciki da waje da bakin sama da na ƙasa.

Ya gwada da bututun ƙarfe ya turo min hoton aikin ta WhatsApp, netwok ɗinmu sai dare yake zama. Ka gaida Hajiya da maiɗakinka da yaran duka.

Naka,
amininka na Gadarif