Zuwa ga Babangida, kafin a yi wa bangon filasta

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yaran. Mu ma nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Innarku ta shaida mini an gama rufin kwano, har mai filasta yana matsa maka a bar shi ya shiga kafin damina ta sauka. Allah ya sanya albarka. Amma ka dakatar da shi tukuna. Ta kuma ce masu wayarin biyu ne suka yi maka lissafi, na ɗaya bai kai rabin na ɗayan ba, kuma hankalinka ya fi kwanciya da mai sauƙin. Abin da ya sa na zauna na rubuto ke nan, domin magana ce da nake so ka karanta a natse, ka kuma nuna wa wanda zai yi aikin.

Da wannan sana'a na ciyar da ku tun zamanin NEPA, saboda haka na san inda ake rage kuɗi a wayarin. Ba a ladan aiki ake ragewa ba, a cikin bango ake ragewa, inda mai gida ba ya gani. Fenti ko tayil idan ba su yi ba, ido zai gani a sake. Waya kuwa da zarar siminti ya rufe ta, to ita ce za ku kwana da ita shekara talatin ko fiye. Tun ran gini ran zane.

Wayar ita ce kan gaba, kuma ka je kasuwa da kanka tare da mai aikin. Kowane aiki da kaurin wayarsa. Ta milimita 1.5 ta ƙwai ce da fanka. Soket ba a yi masa ƙasa da 2.5. Na'urar sanyaya ɗaki da hitar banɗaki kowacce a ja mata layinta daban da waya mai 4, murhun lantarki kuma mai 6. Mai lissafin araha zai ja maka soket da 1.5, kuma ranar da aka gwada komai zai kama lafiya. Sai ranar da aka jona dutsen guga da butar lantarki lokaci guda wayar za ta fara zafi a cikin bututu, robarta ta bushe, ta tsage, wata rana biyu su haɗu. Yawanci ba a ranar farko ba, sai bayan shekaru, lokacin da an manta wanda ya yi aikin.

Akwai kuma jabu, wadda ta cika kasuwa. An rubuta 2.5 a jiki, amma robar ce mai kauri, ƙarfen ciki siriri. Wata ma alminiyam ce aka yi mata rufin jan ƙarfe. Ka sa a fere bakin wayar, ka kankare ƙarfen da wuƙa: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, ajiye ta. Ta gaske tana da nauyi a hannu, kuma ba ta karyewa idan an lanƙwasa ta sau biyu ko uku. A wannan fanni wayar da ake yi a ƙasar nan, irin su Coleman da Cutix da Nigerchin, ta fi da yawa daga cikin wadda ake shigowa da ita. Sai dai su ma ana buga sunansu a kan jabu, don haka ka saya wurin dilan da aka sani, ka karɓi rasit.

Abu na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne atin. Ramin soket uku ne. Idan kana fuskantarsa, na dama shi ne mai wuta, na hagu shi ne wanda wutar ke komawa ta cikinsa, na sama kuma shi ne atin. Gidaje da yawa da na buɗe soket ɗinsu, waya biyu kawai nake tararwa, ramin sama fanko. Aikin waya ta ukun shi ne idan wuta ta zubo a jikin firji ko injin wanki, ta samu hanyar gudu zuwa ƙasa kafin hannun mutum ya kai. In babu ita, wanda ya taɓa firjin da ƙafa ba takalmi shi ne hanyar. Ka tuna su wa suka fi buɗe firji ƙafa ba takalmi a gidanka.

Saboda haka koriyar waya, wato ta atin, ta shiga kowane soket, har na zaure, kuma ka tsaya a kafa sandar atin a gabanka. Sandar jan ƙarfe ce, a kafa ta ta nutse sosai a inda ƙasa ke riƙe danshi. Ƙasarmu ta Arewa tana bushewa ƙwarai da rani, shi ya sa ake zuba gawayi da gishiri a ramin. Gishirin yana cin ƙarfe a hankali, don haka a yi wa wurin murfi yadda za a riƙa dubawa, kada a binne shi ƙarƙashin siminti.

A akwatin rarraba wuta, kowane layi da birekarsa, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta yi wa layin yawa, daidai da kaurin wayarsa: amfiya 6 ko 10 ga ƙwai, 20 ga layin soket mai waya 2.5. Idan bireka tana yawan faɗuwa, faɗa maka take yi kaya sun yi wa layin yawa ko akwai matsala. Kada ka yarda wani ya ce zai sa maka babba don ta daina damunka, domin daga ranar wayar ce za ta riƙa ɗaukar zafin. Sannan ka sani bireka waya take karewa, ba mutum ba. Wutar da za ta iya tsayar da zuciya ba ta kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da zai kayar da bireka mai 20 ba. Mai kare mutum ita ce na'urar da masu aiki ke kira RCD, mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido da zarar ta ji tana zuba inda bai kamata ba. Ko da za a fasa fitilun ado na falo, a sa ta. Tana da ɗan maɓalli na gwaji, ka riƙa danna shi lokaci-lokaci.

Kada ka yi rowar soket. Ɗaki mai soket ɗaya shi ke jawo doguwar waya mai baki biyar a bi ta ƙarƙashin kafet. Soket namu na amfiya 13 ne, a wutar bolt 230 iyakarsa wajen wat 3,000, kuma butar lantarki kaɗai tana iya cin 2,000. Kicin ya samu wadatattu, sama da kanta, nesa da famfo. Banɗaki kuwa ban yarda a sa soket ba ko ɗaya, makunnin hita ma a waje. Ka sayi masu ƙyauren ciki da ba ya buɗewa sai ƙafar filogi ta sama ta shiga, ka kuma hana kowa tura tsinke ko murfin biro don a cusa filogi mai ƙafa biyu. Yaro yana gani, gobe shi da ƙusa zai gwada.

Duk waya ta bi cikin bututu, har wadda ke cikin silin, saboda ɓera. Bututun ya tashi a miƙe daga soket zuwa sama, ba a karkace ba, don mai buga ƙusa ya san inda zai kauce. Ba a haɗa waya a tsakiyar bututu a naɗe da baƙin salatif, sai a cikin akwati mai murfi. Kowane noti a ɗaure shi tam, domin sako-sakon haɗi ya fi komai ƙona soket. Makunni kuma wayar wuta zai yanke. Idan aka juya, ƙwai zai mutu amma mazauninsa na nan da wuta. Kafin mai filasta ya ɗauki cokalinsa, ka bi ɗaki-ɗaki ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka, ka adana.

Janareta da sola tun yanzu za a yi musu tanadi, da makunnin canji mai raba su da layin KEDCO gaba ɗaya. Masu jona inji kai tsaye a soket suna tura wuta ta koma kan fol, inda wataƙila wani bawan Allah yana sama yana gyara da yaƙinin an ɗauke wuta. Wannan alhaki ne da ba na so ya hau kanka. Injin kuma a waje zai zauna, nesa da taga, don hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci.

Game da mai aikin, ka tambaye shi takardar shaidar NEMSA, hukumar da doka ta ɗora wa duba irin wannan aiki. Ka ce ya kai ka gidan da ya yi wa wayarin shekara biyar da suka wuce, ka gaisa da mai gidan. Idan ya gama, ya auna atin da na'ura a gabanka, ya rubuta sunan kowane ɗaki a ƙarƙashin birekarsa. Kai ma don ka taso kana riƙe mini testa, kada ka ɗauka ka iya. Ko soket za ka canza, kashe babban makunni, ka gwada ka tabbatar babu wuta, musamman in akwai inbata a gidan.

Ka nuna wa maiɗakinka inda babban makunnin yake, ya kasance inda hannunta zai kai. Ta san cewa wanda wuta ta kama ba a taɓa shi sai an kashe ta, ko a ture shi da busasshen ice, kuma gobarar lantarki ba a watsa mata ruwa sai an yanke wutar.

Ka turo mini lissafin mutanen biyu in duba. In kuɗin ne ya gaza, a ja waya mai kyau a gidan duka, a sa kayan ɗaki biyu ku shiga, sauran su jira. In Allah ya yarda zan zo ranar Asabar in ga bututun da idona. Innarku tana gaishe ku, a shafa mini kan yaran. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.